Zare a Cikin Kalkuleta

Kawuna ya yi shekara 19 yana ɗaura zare a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri a Kaduna. Injin saƙa yana gudu, zaruruwa dubbai a miƙe a jere, sai guda ɗaya ya tsinke, injin ya tsaya cak. Shi kuma ya sunkuya ya lalubo bakin nan da bakin can, ya haɗa su da wani ɗan ƙulli siriri wanda ba ya maƙalewa a hanya, ya datse saura da ɗan almakashin da ke rataye a wuyansa, ya sake tayar da inji. In ya dawo gida Makera da safe bayan aikin dare, auduga ce fari fat a girarsa da gemunsa, kuma sai an ɗaga murya yake ji. Tun ina yaro kalmar zare take da wari a wurina, warin man inji da sabuwar auduga.

Ban taɓa zaton zan sake gamuwa da wannan kalma a cikin na'urar lissafi ba, sai ranar da na je Barnawa wurin wani dattijo, tsohon safiyo da ya yi ritaya, don ya duba mini takardar wani fili. Ya sa jikarsa ta ɗauko masa wata 'yar jaka baƙa mai zif, ya zaro kalkuleta doguwa, mai nauyi a hannu, fentin wasu maɓallanta ya koɗe saboda dannawa. HP 48GX ce, ƙirar 1993. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, fuloti hamsin da ɗari, buga mini mu gani." Na danna 50, na danna alamar sau, sai na'urar ta yi ɗan ƙara ta ƙi. Na nemi maɓallin daidai, wanda duk ɗalibin da ya riƙe Casio a ɗakin jarrabawa ya san shi ne ke fito da amsa, ban ga inda yake ba. A madadinsa akwai wani faffaɗan maɓalli mai suna ENTER.

"Kawo kayan tukuna," in ji shi, "sannan ka faɗa mata abin da za ta yi da su."

Ya danna 50, ya danna ENTER, lambar ta zauna a layin ƙasa na fuskar na'urar. Ya danna 100, sai 50 ta hau layin sama ta ba ta wuri. Da ya danna sau, duka biyun suka ɓace, 5000 ta zauna a gurbinsu.

Wai wannan tsari baƙo ne, har ana ce masa tsarin Folan na baibai, saboda wani masanin mantiƙi ɗan ƙasar Folan, Jan Łukasiewicz, da ya fito da tushensa a shekarun 1920, kuma kamfanin Hewlett-Packard ya sa shi a aljihun injiniyoyi tun da HP-35 ta 1972. Ni dai a kunnena bai yi baƙunta ba. Je ka Kasuwar Monday a Kakuri ka saurara. Ba mai cewa shinkafa a tara da wake daidai da nawa. Mace za ta ce, shinkafa mudu uku, wake mudu biyu, manja kwalba ɗaya, haɗa mini. Kaya ne ke fara zuwa, aiki ya biyo baya. Lambobin kuma ana jibge su ne kamar buhuna a bayan a-kori-kura, wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara saukewa. Wannan tuli shi ne teburin aikin na'urar gaba ɗaya.

Abin da ya tsaya mini a rai ya zo daga baya. Baba safiyo ya ce shi ba da ƙafa yake rubuta takarda ba, da mita yake rubutawa. Ya nuna mini wani ɗan gajeren umarni da ya ajiye tun shekarun aikinsa: a ninka lambobi biyun da ke kan tuli, a ninka abin da ya fito da 0.0929. Ya raɗa masa suna FILI. Yanzu in ya zuba 50 da 100 ya kira FILI, sai 464.5 ta fito. Yana da wani umarnin kuma mai suna KUDI, wanda a cikinsa babu komai sai FILI da farashin mita da alamar sau. Wato ya koya wa na'ura kalma, sannan ya yi amfani da kalmar ya koya mata wata. Na koma gida a Keke Napep ina tambayar kaina, to ita kalmar, ina take zuwa in ta shiga ciki? Da wane irin ji na'ura take jin ta?

Mu a wannan ɓangare na kogin Kaduna mun san tafinta farin sani. A coci-cocin Narayi da Sabon Tasha, mai wa'azi yakan faɗi jimla da Turanci ya tsaya, tafinta ya juya ta da Hausa, sannan a ci gaba. A tafsirin azumi mai jan baƙi yana kawo aya, malam yana warware ta, aya bayan aya. Akwai kuma mai fassara, wanda yake ɗauke littafi ya shiga ɗaki da shi wata da watanni, ya fito da wani littafin cikakke wanda ba ya bukatar na asali a kusa. Harsunan kwamfuta ma haka suka kasu. Wasu ana fassara shirin ne dungum zuwa yaren inji kafin a fara aiki, abin ya yi sauri amma ya ci wuri. Wasu kuma tafinta ne ke bin rubutun kalma-kalma duk lokacin da aka tayar da shi, yana neman ma'anar kowace daga farko, ko da ya gamu da ita sau dubu. Wannan ba ya cin wuri, amma akwai nawa.

Hanyar da ke cikin kalkuletar Baba ta ratsa tsakanin biyun. Sa'ad da ka rubuta umarni ka danna ENTER, na'urar tana duba kowace kalma tata ta gida sau ɗaya tak, ta gano a wane ɗaki na ƙwaƙwalwarta aikin kalmar yake zaune, ta ajiye lambar ɗakin a gurbin kalmar. Shirin da aka ajiye, ashe, jerin adireshi ne. Ƙwaƙwalwar injin da ke ciki, wanda suka raɗa wa suna Saturn, an yanka ta ɗaki-ɗaki, kowane ɗaki yana ɗaukar ɗigo 4, kowane ɗigo ko a kunne ko a kashe. Adireshi ɗaya yana cin ɗaki 5, wato ɗigo 20, kuma da ɗigo 20 ana iya nuna ɗaki 1,048,576 ba tare da an rikita biyu ba. Ko aikin kalma ya kai shafi goma tsawo, kiranta ɗaki biyar ne kacal.

Sai kuma wani ɗan yatsa, irin na ɗalibin da ke bin allo. Yatsan yana kan adireshi na farko. Na'ura ta karanta shi, ta matsar da yatsan gaba da ɗaki biyar, ta yi tsalle zuwa inda adireshin ya nuna. A bakin ƙofar kowane abu da aka ajiye akwai wasu ɗakuna biyar da ke faɗin irinsa, kamar rubutun da ke gefen atamfa: wannan lamba ce, wannan rubutu ne, wannan shiri ne. In lamba ce a ɗora ta kan tuli a dawo. In shiri ne, wato wani jerin adireshin, sai na'ura ta rubuta inda yatsanta ya tsaya a wani tuli na dabam, ta shiga sabon jerin. A cikinsa ma tana iya tarar da wani ta sake shiga. Aike cikin aike ke nan: an aiki yaro sayen kalanzir, mai kalanzir ya aike shi neman canji, mai canji ya ce ya kira masa ɗansa. Yaron kirki yana riƙe da hanyar komawa daki-daki, ya sallami na ƙarshe, ya koma wa na tsakiya, ya isa gida da kalanzir. Wannan shiga da fita, daga adireshi zuwa adireshi, kamar allura tana nitsewa tana ɓullowa, shi ya sa wani injiniyan kamfanin DEC mai suna James Bell, a wata maƙala ta 1973, ya kira salon da sunan da ke nufin abin da aka zura wa zare.

Ɗan aikin nan na karanta, matsa, yi tsalle, bai wuce umarnin inji uku ko huɗu ba. Masu wani harshen kwamfuta mai suna Forth suna kiransa NEXT, wato na gaba. Shi kansa ba ya tarawa, ba ya ɗebewa, bai san mita ba, bai san naira ba. Kowane aiki in ya ƙare sai ya faɗa hannunsa, shi kuma ya miƙa wa mai bi.

Da na fahimci wannan na ajiye littafin da nake karantawa, don na gane shi. Ai sai ne. Muna da shi a baki tun kafin a ƙera inji. Saurari tsohuwa tana tatsuniya, ko direba yana ba da labarin yadda motarsa ta mutu a Gonin Gora: sai na taka birki, sai na ji ƙara, sai yaron mota ya sauka, sai muka ga mai yana zuba. Tambayi kowa ma'anar sai a nan, zai yi shiru ya yi ta juya hannu. Ba ta da kaya a cikinta. Ba suna ba ce, ba aiki ba ce. Amma cire ta ka ga yadda labari zai zube ya zama tsibin aukuwa marasa dangi. Ita ce take karɓar numfashi daga aikin da ya ƙare ta sa a bakin wanda zai fara. In mai labari ya yi ratse, ya shiga bayanin wane ne yaron motar da yadda aka yi ya ɗauke shi aiki, masu sauraro suna riƙe masa wurin da ya tsaya, in ya gama wani ya ce, to, sai aka yi yaya? Sun mayar masa da yatsa kan allo. Yara ma da ba su iya ɗaura zariyar wando ba sun iya wannan. In ka yi shiru a tsakiyar labari za su ce, sai me? Kuma da ita muke rabuwa: sai gobe, sai an jima, sai wata rana. Ko a bakin ƙofa ba ma yarda zaren ya yanke, muna barin bakinsa a waje don a sami abin kamawa.

Mutumin da ya gina harshe sukutum a kan wannan dabara shi ne Charles Moore, Ba'amurke. A 1968 yana aiki a kamfanin Mohasco a garin Amsterdam na jihar New York, kuma abin da kamfanin ya shahara da shi saƙar kafet ne. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai, don ina jin da kawuna da shi sun shaƙi ƙura iri ɗaya. Ya so ya kira harshen da kalmar Turanci mai nufin na huɗu, amma kwamfutar IBM 1130 da yake aiki da ita ba ta karɓar suna mai fiye da harafi 5, sai ya yar da harafi ɗaya, ya zama Forth. A farkon shekarun 1970 da shi aka riƙa juya babban faifan sauraron taurari da ke kan dutsen Kitt Peak a Arizona. Moore bai kira guntayen shirinsa da wani suna mai nauyi ba. Ya ce kowanne kalma ce, inda ake tara su kuma ƙamus ne. Rubuta shiri a Forth shi ne ƙara wa ƙamus kalmomi, kowace sabuwa da tsofaffi ake bayyana ta, har a kai ga kalma ɗaya da in an furta ta duk aikin zai gudana.

Injiniyoyin HP a garin Corvallis na jihar Oregon, ƙarƙashin William Wickes, sun ɗauki wannan suka gauraya da dabarun wani harshe mai suna Lisp, suka fito da RPL. Ya fara aiki a ɓoye cikin HP-18C a 1986, sannan HP-28C ta 1987 ta buɗe wa mai ita ƙofa ya rubuta nasa. Wurin ajiyar da 28C ta ba mai ita bai wuce na harafi kamar 2,000 ba, tsawon wasiƙa mai shafi ɗaya. Rashi ne ya haifi salon. Wanda ɗakinsa ƙarami ne ba ya sayen tukunya biyu iri ɗaya, yakan san wurin maƙwabcin da zai ara. Zuriyar ta ci gaba, 48SX a 1990, irin ta Baba a 1993, har zuwa 50g da aka daina ƙerawa a 2015. Safiyoyi a ƙasashe da yawa sun riƙe 48 tamkar sandar makaho, don tana shiga aljihu, tana jure ƙura, kuma tana koyon kalmomin sana'ar mai ita.

Kalmar ƙamus ɗin nan ta daɗe tana yi mini yawo a kai. Ina da na Bargery na 1934, wanda yake tura ka daga Hausa zuwa Turanci, ina kuma da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, wanda yake bayyana Hausa da Hausa. Na biyun nan na fi so, kuma shi ya fi kama da abin da muke magana. Buɗe kowace kalma, wasu kalmomin za ta nuna maka. Bi su, su ma su nuna maka wasu. In ka yi naci za ka ga ka zagayo inda ka faro. Ƙamusun mutane da'ira ne, ba shi da ƙasa. Na Moore yana da ƙasa. KUDI ta tura ka FILI, FILI ta tura ka sau, sau kuma ba ta tura ka ko'ina, nan wutar lantarki take motsawa a cikin inji, lambobi biyu su zama ɗaya. Irin waɗannan kalmomi na tushe kaɗan ne, amma duk wata doguwar kalma a kansu take sauka. Na daɗe ina ganin kamar wannan fifiko ne da inji ya yi mana. Yanzu ina ganin namu ma yana da ƙasa, sai dai ba a cikin littafi take ba. Ma'anar daka tana hannun mai riƙe da taɓarya. Ma'anar ɗaci tana kan harshen wanda ya tauna maɗaci. Littafi yana iya kai ka bakin ƙofa kawai.

Akwai wata ɗabi'a ta Forth da ta fi komai kama da mu. In ka sake bayyana tsohuwar kalma da sabuwar ma'ana, ba a goge ta farko. Sabuwar tana hawa sama, duk abin da za a rubuta nan gaba ita zai samu. Amma kalmomin da aka riga aka gina da tsohuwar suna nan riƙe da tsohon adireshi, ba ruwansu da abin da ya faru daga baya. Dubi waya. Da farko ƙarfe ce siririya. Ta zama saƙon tangaraho da ke bin ƙarfen, ta zama tarho, yau ga ta a aljihun kowa ba ko igiya a jikinta. Amma gidan waya yana nan inda yake, ba mai zuwa can sayen caja. An ƙulla shi tun waya tana nufin wani abu dabam, kuma ya riƙe amanar wancan zamani. Haka wanda ya ce ba shi da ko sisi, ko anini, yana kiran kuɗin da shi kansa bai taɓa kashewa ba. Kalkuletar Baba ta raba abin biyu: kalmominta na gida da adireshi take kamo su, amma sunayen da mai ita ya raɗa, irin su FILI, da suna take nemansu duk lokacin da aka kira, don haka in ya gyara FILI yau, KUDI za ta bi sabuwar. Harshenmu yana yin duka biyun a jimla ɗaya, ba tare da ya gaya wa kowa wanne ya zaɓa ba.

Haɗarin zare ɗaya ne, kuma kawuna ya san shi. Adireshi ba ya sanin ko mai gidan ya tashi. Akwai wani umarni a 48 mai suna SYSEVAL da ke ba ka damar tura na'urar kowane ɗaki kai tsaye. Baba ya ce ya taɓa kuskuren lamba ɗaya a ciki. Na'urar ta yi tsalle ta faɗa inda ba kalma, ta ɗauki abin da ta tarar a matsayin umarni, fuskarta ta ɗauke, da ta farfaɗo sai ta tambaye shi ko ta gwada ceto abin da ya saura a ƙwaƙwalwarta. Aikin wata uku ya tafi a ranar.

Ina tuna wannan duk lokacin da na bi ta Kakuri. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da kamfanin David Whitehead na Ingila. United Nigerian Textiles ta biyo a 1964, ga Arewa Textiles, ga Nortex. Unguwanni suka tsiro a gefensu, mutane daga Zazzau da Kagoro da Binuwai da Ilori suka zo suka zama maƙwabta, Hausa ta zama harshen da suke ciniki da faɗa da neman aure da shi. Ta farkon ta rufe a 2002, United ta tsaya a 2007. Har yau in ka ce wa mai Keke ya sauke ka a Tekstil ya san wurin, zai kai ka daidai ƙofa. Sunan yana aiki, adireshin daidai ne. Yaron da ke tuƙin dai bai taɓa jin jiniyar canjin aiki ba, bai ga kekuna ɗaruruwa suna fitowa a lokaci ɗaya ba. Da sunan wuri abin da sauƙi, ko ba komai akwai katanga da za a nuna. Kalmomin cikin masaƙar su ne suka fi ba ni tausayi, sunayen sassan inji da na kuskuren saƙa da na irin tsinkewar zare, waɗanda ma'aikata suka ƙera da bakinsu daga Turanci da Hausa, suka kuma ƙara da alamun hannu saboda ƙara ba ta barin a ji magana. Ba su shiga Bargery ba don sun zo a makare, kuma hannuwan da suke sauka a kai suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Da sallar bara na kai 'yata gaishe da kawu. Ta ji ana ce masa mai ɗaurin zare, ta tambaye ni me ke nan. Na fara yi mata bayani, inji kaza, zaren tsaye da na kwance, tana kallona kawai. Kawu bai ji tambayar ba sai da aka maimaita masa da ƙarfi. Bai ce komai ba. Ya jawo wani tsohon buhun shinkafa, ya zare zaren bakinsa, ya tsinka shi biyu da haƙori. Ya ɗora baki ɗaya kan ɗaya tsakanin babban yatsa da manuni, ya zagaya, ya tura, ya ja. Hannunsa yana rawa in ya ɗauki kofin shayi, amma a nan bai yi rawa ba. Ya miƙa mata ta ja da ƙarfinta, ƙullin bai motsa ba.

"Kaka, sake yi a hankali," in ji ta.

Ya sake, sau biyu. Ta karɓa ta gwada, ya warware. Ta sake, ya warware. A na uku ya kama, ƙato, karkatacce. Kawu ya juya shi a tafin hannunsa, ya matse shi da farce, ya ce wannan zai maƙale a inji, ta kwance ta sake.